Kwamfuta Ta Kai Gonar Surukina Ƙarshen Layi

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin, don girman Allah a sakaya sunana, akwai 'yan yankinmu a nan ciki, kuma maganar ta shafi gidan surukaina. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane ina tofa albarkacin bakina, yau ga shi abin ya zagayo kaina. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙasa kafin ku yanke mini hukunci, ni kam tunani ya ishe ni.

Ni magidanci ne, mata ɗaya da yara uku, a wani ƙauye ta wajen Watari nake zaune. Na yi karatun koyarwa, aiki bai samu ba, na dawo gida na rungumi noma. Da yake ni ne mai ɗan taɓa kwamfuta, sai aka ɗora mini sakataren ƙungiyarmu ta manoman rani. Kun dai san yadda rayuwa ta koma, mai ya tashi, taki ya tashi, mutum ya je kasuwar Tsanyawa da kuɗinsa ya dawo da 'yar leda yana duba aljihu ko zubewa suka yi. Shanun huɗa ma da yawa an sayar an ci. Ana cikin haka wata ƙungiya mai zaman kanta, ba zan kama suna ba, ta zo ta ce za ta ɗauko mana hayar tarakta guda ɗaya ta yi wa membobi haro, wato ta farfasa musu ƙasar gona, kafin shuka, ita za ta zuba dizal, amma na 'yan kwanaki ne ƙididdigaggu, suna cika tarakta za ta wuce wani gari. Sharaɗinsu shi ne sai an tsara jadawalin aikin a kwamfuta, suka ce ni zan riƙa yi, suka yanka mini ɗan alawus. Wannan alawus ɗin ba zan ɓoye muku ba, da shi ake ɗora tukunya a gidana yanzu.

Suka kai mu Kano tirenin, aka ba ni aron laftof, aka buɗe mana wata manhaja ta tsara ayyuka. Ranar farko wallahi kaina har sarawa yake, layuka ne birjik da wasu sanduna a kwance, na ce yau na shigo gonar da ba tawa ba. Amma a hankali abin ya fara zama. Ashe ba wani tsafi ba ne, ka rubuta kowane aiki daban, ka faɗi tsawon lokacin da zai ci, sannan ka nuna mata wanne ne ba ya yiwuwa sai an gama wanne. Ba a dashe sai an yi haro, ba a haro sai an share gona, abin da kowane manomi ya sani ne, kawai dai ita ba ta mantuwa. Sai da na sha fama kafin na gyara mata kalanda, don ita a ganinta kowa ma'aikacin banki ne, Asabar da Lahadi hutu, ni na koya mata cewa mu Juma'a ce rabin rana, ranar kasuwa kuwa ko direba ba ka samu. Aka koya mana cewa in abu ɗaya ne kake da shi, kamar taraktar nan, ba za ta kasance a gona biyu lokaci guda ba, dole a jera. Sannan aka zo kan abin da ya jawo mini wannan rubutun. Akwai ayyukan da take shafa wa ja, su ne in ɗaya ya makara komai ya makara. Akwai kuma waɗanda suke da rarar lokaci, ko an jinkirta su ba abin da zai lalace.

Gaskiya abin ya burge ni, ba zan yi muku ƙarya ba. Tun da na gama makaranta ban koyi wani abu da na ji ƙwaƙwalwata ta motsa irin wannan ba. Na dawo gida ina kai laftof caji shagon mai sola, ina bin gonaki ɗaya bayan ɗaya ina tambayar kowa me zai shuka, irinsa ya kai ina. Masu tumatir sun riga sun yi reno, irin yana nan ya tasa, kuma duk wanda ya san tumatir ya san in iri ya tsufa a wurin reno, ya yi dogayen ƙafafu, an yi asara tun kafin a fara. Masu albasa na bin su. Masu alkama kuwa sai sanyi ya kankama suke shuka, su ba sa cikin gaggawa. Na zuba duk wannan, na sa nisan gonaki don kada dizal ya ƙare a yawo, na danna ta jera. Ta jera tsaf. Da na gangara ƙasa sai na ga gonar surukina ce ta ƙarshe.

Bari in gaya muku wane ne shi, zan kira shi Baba kawai. Shi ne mahaifin matata, kuma yana cikin waɗanda suka fara noman rani a garinmu tun ba a san abin zai karɓu ba. Tun ina yaro, komai za a fara, da gonarsa ake farawa. In gayya ce, tasa ce ta farko, in shanun huɗa ne, a tasa ake ɗaura musu garma. Ya tsaya a bakin gona ya yi addu'a, a shafa, a raba goro, sannan kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya rubuta wannan a ko'ina, haka muka tashi muka gani. Kuma mutumin nan bai taɓa yi mini komai ba sai alheri. Bara da abinci ya yanke mana, ban roƙa ba, ban aika ba, sai gani na yi an sauke buhun gero a zaurena, aka ce in ji Baba a yi wa yara kunu. To amma alkama yake shukawa, kuma gonarsa can ƙarshe take bayan kwalbati. A idon manhaja babu wanda ya kai shi rarar lokaci.

Kada ku ce ban gwada ba. Na ja gonarsa na dawo da ita sama, ina sakin hannu komai ya goce. Tarakta sai ta tafi can ƙarshe ta dawo, masu tumatir duk sun matsa baya, gonakin da ke ƙasan layi kuma sun faɗa bayan ranar da tarakta za ta tafi, wato su ba su samu ba ke nan. Na sa shi a tsakiya, an rage ɓarna amma ba a tsira ba. Na juya, na juya, har idona ya fara ruwa, amsar dai ɗaya ce. Sai na mayar da shi inda ta sa shi na tura ofis, ina ce wa kaina zan samu wanda zai je ya yi masa bayani kafin taron da za a sanar da jadawalin. Domin ku sani, ni ban taɓa zama na yi doguwar magana da Baba ba. Gaisuwa ce a durƙushe, kai a ƙasa, in tashi. Ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba. Ta ina zan fara ce masa Baba, bana kai ne na ƙarshe? Ina neman ɗan aike ina jan ƙafa, sai kodinetarmu ta kira ta ce an matso da taron.

Ranar taro a filin firamare, Baba ya zo da farar rigarsa ya zauna a gaba, har da ƙullin goronsa a aljihu. Kodineta, wata Hajiya ce daga Kano, ta yaba mini a gaban jama'a, ta ce a duk garuruwan da suke aiki ba wanda ya fitar da jadawali mai tsabta kamar nawa, ta miƙo mini takarda ta ce in karanta da kaina. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na karanta sunaye tun daga sama, ina ji wurin yana ƙara yin tsit, har na zo kan nasa. Da aka nemi ya rufe taro da addu'a ya yi, har ya sa wa aikin albarka, ya sa takalminsa ya tafi.

Tun ranar ban sake samun sukuni ba. A majalisa ana cewa boko ya sa na manta wanda ya ba ni mata, wasu na cewa dama ɗan talaka in ya riƙe laftof sai a hankali. Matata ba ta yi mini rashin kunya ba, ba halinta ba ne, amma ta je gida ta dawo idonta jawur. Na zaunar da ita na buɗe mata laftof ina nuna mata jan layi da rarar lokaci, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ita ba ta san kwamfuta ba, amma ta san mutum ne yake danna ta. Ta ce ba haro ne ya dami Baba ba, ko a ƙarshen ne alkamarsa za ta yi, abin da ya dame shi a bakin surukinsa ya ji, a gaban yaran da ya goya. Ta fi ni gaskiya a nan. Yanzu abinci za ta ajiye mini ta koma ɗaki, hira ta mutu a gidan.

Na kira kodineta na roƙe ta ko za a bari tarakta ta fara shiga gonarsa ko layi ɗaya ta ja, a yi addu'a, sannan ta dawo. Ta ce ta fahimce ni, ita ma tana da surukai, amma an riga an kulle jadawalin an tura sama, duk abin da aka taɓa zai nuna, kuma dizal ɗin zuwa bayan kwalbati da dawowa a gonar wa za a cire shi? Ta ce in an canza yau saboda suruki, gobe na mai gari ne, jibi na liman. Ta ƙare da cewa in aikin ya fi ƙarfina in faɗa da wuri, akwai masu digiri suna zaune. Ban ji haushinta ba, amma na gane saƙon. Na je wurin wani abokina mai tumatir, in kira shi Ɗanladi, tare muka yi firamare, na ce ko za su yarda su ɗan jira. Ya kai ni wurin renonsa ya nuna mini irin, ya ce su ma suna jin nauyin Baba, amma iri ba ya jin nauyin kowa, kuma abin da ya rage masa ke nan bana, in ya tsufa sai dai ya kwashi iyali ya tafi ci-rani. Na duba irin da idona, ba sharri ya yi ba.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto muku shi ne abin da ya faru shekaranjiya. Aka zo aka ce mini Baba yana gonarsa yana kaftu da garmar hannu, shi kaɗai. Dattijon da gwiwa take damunsa, 'ya'yansa maza duk suna kudu wurin nema. Ya aika wa shugaban ƙungiyarmu cewa a cire sunansa, a ba mabuƙata, shi zai yi da hannunsa kamar yadda ya fara. Mutane suna wucewa suna kallo, duk wanda ya tsaya zai taya shi sai ya yi masa godiya ya sallame shi. Na ɗauki garmata na tafi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa lafiya lau, na koma ɗaya gefen na fara sara. Ban yi nisa ba na ga inuwarsa a kaina. Cikin sanyin murya ya ce, "Malam sakatare, ajiye. Ai ba yau aka rubuta mini ba." Mutumin da tun da na auri 'yarsa ɗana yake ce mini. Na saɓa garmata na dawo gida, ban san ta hanyar da na biyo ba.

To jama'a ga inda nake. Tarakta a wannan makon za ta iso. In na taɓa jadawalin na sa shi gaba, na san gonakin da za su rasa, na san masu su da 'ya'yansu, kuma wataƙila aikin ya bar hannuna. In na bar shi yadda yake, aiki zai tafi daidai, ofis su yaba, ni kuma in ci gaba da kwana gida ɗaya da 'yar mutumin da na kunyata. In na ajiye aikin gaba ɗaya, wani za a kawo ya bi wannan jadawalin dai, ban gyara komai ba sai yunwa da na jawo wa yarana. Wasu sun ce in ɗauki dattawa mu je ban haƙuri, amma in je in ce masa me, ya yi haƙuri kuma har yanzu shi ne na ƙarshe? Don Allah masu zagi su taimaka su wuce, na sha isasshe a gari. Ku da kuke da surukai kuma kuka san zafin neman abinci a wannan zamani nake tambaya. Ko ɗazu da na wuce na hango shi a sunkuye cikin rana, bai ci ko kusurwar gonar ba. In ku ne ni, wa za ku bari ya jira?