Inna Ta Daina Tambaya

Yaya Binta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya yara, ya ruwan Fatakwal?

Na ga kin sa a waya wai "zumunci" ce kalmarki ta sabuwar shekara. Madalla. Ni "gaskiya" na zaɓa.

Tun da ciwo ya kwantar da Inna a gidana na Malali, kullum sai ta tambaye ki, in ce kin kira tana barci. Jiya na ce, "Inna, ƙarya nake miki, ba ta taɓa kira ba." Ta juya ta fuskanci bango, ko kunu ba ta sha ba. Yau ba ta ambace ki ba.

Ki sa ta a addu'a, in kin samu sarari. A gaida maigidan.

Ƙanwarki,
Hadiza