Wanda Ke Cikin Riga

Daga Abarshi ɗan Garba, a Madarumfa, zuwa ga ɗan ƙanwata Shu'aibu mai wasan dabo.

Da sunan Allah. Gaisuwa da aminci, da tambayar lafiyarka da ta abokan tafiyarka. Bayan haka, na ba Dogo mai jakuna wannan takarda, don ya ce ya gan ku a kasuwar Gabi, kuma jama'a sun yi cincirindo har wani ya faɗo daga kan rumfa.

Ka sani, 'ya'yan dabon nan huɗu da na ba ka su ne na ƙarshe. Wata biyar na yi ina sassaƙa su daga reshen rimi: masunci, da matarsa, da sarkin ruwa, da kada. Kada kaɗai ya ci mini wata guda saboda zaren haɓarsa. Yanzu hannuna ba ya riƙe wuƙa, alƙalamin ma da ƙyar. Tun rasuwar matata Marka gidan nan ba mai magana sai ni da akuya.

Ga abin da nake roƙo. Shekara arba'in na yi ina kwanciya cikin riga, an kafa ta da sanda, hannuwana a sama ta wuyan rigar, ɓawon ƙwan jimina a ganɗata don murya ta fito siririya. Abin da na sani na wasana shi ne zufa, da ƙafafun mutane ta ƙasan ƙyalle, da dariyar da ke iso ni kamar daga bayan katanga. Na ga wasan wasu ina yaro. Nawa ban taɓa gani ba. Jikina ba zai kai ni ko Safo ba. Ku zo Madarumfa ku yi sau ɗaya, in zauna a tabarma kamar kowa, in gani.

Ka gaishe da Salisu mai ganga. Wassalam.

*

Daga Shu'aibu, a Tibiri, zuwa ga Kawu Abarshi.

Gaisuwa mai yawa da ban girma, Allah ya ƙara sauƙi. Bayan haka, Kawu, takardarka ta same mu, na karanta wa Salisu ita.

Wasan yana tafiya. Salisu ne ke riga mu shiga gari da kwana ɗaya, ya kai wa sarkin kasuwa goro, ya nemi wuri mai inuwa kusa da 'yan fura, sannan ya bi unguwa unguwa da ganga yana cewa gobe kada zai yi magana. Ba ya faɗin ƙarshen labarin, yadda ka koya mana. Amma mun yi gyara kaɗan, kada ka yi fushi. Inda masunci ke kuka a bakin tafki mun rage shi, don a nan mata ke tashi su koma wurin kayansu. Mun ƙara wa kada atishawa. Yara suna sonta ƙwarai.

Zancen zuwa gida kuwa, Kawu, kai ne ka kafa mana doka: ba a wasan dabo a garin da aka san mai shi. A Madarumfa wa bai ga ka zauna gindin tsamiya kana fere kan sarkin ruwa ba? A nan tsofaffi na tofa addu'a idan 'ya'yan suka leƙo, suna cewa na aljanu ne. A can za a ce ga itacen Abarshi, ga ɗan ƙanwarsa Indo a cikin riga. Labari ya bi fatake, kasuwannin ma su lalace mana.

Ga kuma Mamman na nan Tibiri. Ya zauna gaba gaba sau uku yana kallo, yanzu mun ji ya sassaƙa nasa kadan. Duk kasuwar da ya riga mu shiga, mun zama masu kwaikwayo. Dole mu yi sauri mu gama zagaye kafin hatsin kaka ya ƙare a hannun mutane. Ka yi haƙuri zuwa baɗi.

Na aiko maka da zuma. Ɗanka, Shu'aibu.

*

Daga Abarshi zuwa ga Shu'aibu.

Gaisuwa. Zuma ta iso, Allah ya yi albarka. Bayan haka, dokar tawa ce, ban manta ba. Na kafa ta ina da ƙafafu.

Mamman kada ya dame ka. Na san ubansa, shi ma kallo yake ya kwafa, kuma haɓar kadansa ba za ta kai kasuwa uku ba. Atishawar ban so ba, amma kai ke jin jama'a yanzu, ni ba na ji.

Baɗi kuwa, Shu'aibu, ban yi maka alkawari ba. Jiya na fita alwalar azahar na faɗi a bakin randa, na daɗe a wurin kafin Jummai maƙwabciyata ta leƙo neman wuta. Ba na faɗa don ka ji tausayi ba, don ka san lissafin kwanaki ne. Ba sai a kasuwa ba. Ƙofar gidana ta isa, ko mutum goma ne. Idan kuma ba zai yiwu ba, ka faɗa mini sarai in cire rai, ya fi mini wannan sauraren jakuna da nake yi duk la'asar.

Wassalam.

*

Daga Shu'aibu, a Maradi, zuwa ga Kawu.

Gaisuwa da ban girma. Za mu zo. Ranar Alhamis ta sama, bayan la'asar, a ƙofar gidanka. Salisu zai riga ni isowa kamar kullum, ya share wuri ya sanar da maƙwabta. Ka sa Jummai ta shimfiɗa maka tabarma taku biyar daga riga, ta gefen da rana ba ta dukan ido. Zan mayar da kukan masunci cikakke, ko da kowa zai tashi ya bar ka kai kaɗai.

Ɗanka, Shu'aibu.

*

Daga Shu'aibu, a Safo, zuwa ga Kawu Abarshi.

Gaisuwa, da neman gafara. Na baro ka kana barci da hantsi, ban iya tsayawa mu haɗa ido ba, shi ya sa nake rubutowa.

Wallahi Kawu ban san abin da Salisu ya yi ba sai da na iso. Na tsare shi a hanya daga baya, ga abin da ya ce: «Na buga ganga na ce gobe kada zai yi magana, sai wata tsohuwa ta ce, wane kada, wanda Abarshi ya jiƙa a kwatarniyata? Aka yi ta dariya. To me zan sayar musu? Ni ban iya kiran taro a kan babu ba. Sai na ce Abarshi da kansa zai shiga riga, na ƙarshe a duniya.» Na ce ai mutum goma aka nema. Ya ce, «Shekara ashirin ina shela, ban taɓa tara mutum goma ba, ba kuma zan fara a garinku ba.»

Sauran ka gani. Masunta sun bar jiragensu, mutanen Gabi sun zo a ƙafa, maigari ya aiko a ɗauko masa buzu. Na so in tashi in ce ƙarya ce. Kai ka riƙe mini riga ka ce, «Zauna. In ka ƙaryata mai shelarka yau, gobe wa zai fito in ya buga?» Ka miƙa mini sandarka, ka rarrafa ka shiga.

Ɓawon ƙwan ya ƙi zama, tunda babu haƙoran da za su tare shi, na ji ka tofar. Sai masunci ya yi magana da muryarka ta gaske. Na ce a raina mun mutu. Kawu, ba wanda ya motsa. Da wasan ya ƙare muka ɗaga rigar, muka same ka ba ka iya sauke hannuwanka, ni da Jummai muka tanƙwara su a hankali.

Ni na zauna a tabarmarka. Wannan ne ba ya barina barci. Mamman ya riga mu shiga kasuwa ta gaba, ban damu ba. Ka ce in dawo, in zo ni kaɗai ba ganga, in yi maka a tsakar gida.

Ɗanka mai laifi, Shu'aibu.

*

Daga Abarshi zuwa ga Shu'aibu. Limamin unguwarmu ne ke rubutawa, ni ina faɗa.

Gaisuwa. Kada ka kori Salisu, aikinsa ya yi. Kada kuma ka dawo, ka bi Mamman ka tare shi a gaba. Tun ranar nan duhu ya sauko mini a ido, ko tafin hannuna ba na rabewa.

Kai ka zauna taku biyar daga riga. Ka samu takarda babba, ka rubuto mini abin da ka gani tun daga leƙowar masunci, kada ka rage kome, kada ka gyara. Liman ya ce zai karanta mini. Ka yi sauri.

Wassalam.