Akuya Mai Tabarau Ta Dawo, Mama

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina hutawa a inda kike. Mu nan Kafanchan lafiya lau, damina ta zauna, citta ta yi ganye.

Kin tuna fim ɗin katun na akuyar nan mai tabarau da 'ya'yanta? An fito da kashi na uku. Masu sharhi sun yi masa kaca-kaca a waya. Wai labarin ya tsufa, wai babu abin da zai riƙe babba a kujera. Na karanta har na yarda, kin san ni da saurin jin maganar masu Turanci.

Ke kuwa ba ki taɓa jin kalma ɗaya a cikinsa ba. Ran Lahadi bayan sujada, sai ki ce a kashe murya, turawan nan surutu ya yi musu yawa. Ki ɗora jikarki Alheri a cinya, ki ba da naki labarin da yarenmu na Jaba. Akuyar ta zama shugabar zumuntar matan coci, kurar da ke cikin fim ɗin ta zama mai babur ɗin da ya taɓa kayar da ke a hanyar Nok. Ruwa na dukan kwanon rufi, ni ina tsintar wake, rabin kunnena yana wajenku.

Rabin kunnen nan shi ke damuna yau.

Jiya da rana na sa wa Alheri sabon fim ɗin. Ko minti biyar ba a yi ba ta kashe muryar, ta ce in yi mata irin na Kaka. Na fara da ƙarfina. Kafin akuyar ta haye gada, yaren ya ƙare a bakina. Na nemi sunan gada na rasa, na nemi na hazo na rasa. Shekara ashirin ina Hausa da Turanci a kasuwa da coci, ban san abin yana zubewa ba. Kunya ta kama ni, Mama, tsoro kuma ya fi kunyar, don na ga kamar a bakina za ki mutu karo na biyu.

Hotuna suna ta wucewa. Sai na ji an ci gaba da labarin a gefena. Alheri ce, idonta a kan allo, tana jero kalmomin da na rasa ɗaya bayan ɗaya. Har ɗan tarin da kike yi kafin kura ta yi magana, sai da ta yi shi. Ba ta ma san ta yi ba.

Na zauna a ƙasa na saurara har ƙarshe, da kunnuwana duka biyu.

Ubangiji ya ba ki hutu a gabansa, ya buɗe mini baki in koya wurin jikarki, har ranar da za mu sadu in gaishe ki da yarenmu.

Taki har kullum,
Rifkatu