Tsuntsayen Kawu Sale

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki, yaya iyali? Mu nan Haɗejiya lafiya lau, Inna tana gaishe ka.

Jiya na leƙa Kawu Sale a rumfarsa ta bakin kogi. Ambaliyar bana ta kwashe duk tsuntsayen da ya sassaƙa da itacen aduwa. Na tarar da shi zaune shi kaɗai, gizago a cinya.

Na ce, "Kawu, ka dawo gida mana."

Ya ce, "Tun da Habu ya tafi, wa ke zuwa ganin aikina? Ruwa ne kaɗai ya zo."

Don Allah ka kira shi. A sa mu a addu'a, a gaida Anti Rabi da yara.

Ƙanwarka,
Hadiza