Ba Zan Bar Kantin Hajiya Ragi Ba

Maman yara,

Yau wata goma sha tara ke nan rabona da gida. Ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna? Ni dai idon ya warke, sai ɗan ƙaiƙayi.

Saƙon Yayanki ya iso, wai ya samo mini kwangilar wata shida a wani babban kamfani, in na ƙi to ni na zaɓi talauci. Ki ce masa na gode, amma ba inda za ni.

Na san kin gaji da labarin Hajiya Ragi mai kantin magani. Ni ma na gaji da ita. Shekara bakwai ina kula da kwamfutocinta, ban taɓa yanka farashi ta biya ba gardama ba. Sunan ma ni na laƙaba mata. Ta taɓa sa ni haurawa bene hawa uku a guje wai firinta ta mutu, ashe mai shara ce ta zare waya.

Amma da aka yi mini aikin ido na kwanta sati uku, wa ya jira ni? Masu ba ni aikin sha yanzu magani yanzu duk sun kira wani. Ita kuwa kwamfutar rasit ɗinta ta tsaya tun kwana na biyu. Ɗanta ya kawo mai gyara, ta sallame shi daga bakin ƙofa, ta sa ma'aikata rubuta rasit da biro har na miƙe. Da na koma, cewa ta yi: "Wanda bai san inda wayoyin nan suka bi ba, ba zai taɓa mini su ba. Zauna, Malam, ka daina harara ta da ido ɗaya." Da na gama, ta nemi ragi.

Ta dalilinta na samu aikin asibitin ƙaninta da wata makaranta. Kamfanin Yayanki fa, bayan wata shida wa zai tuna fuskata? Sau biyu na yi irinsa, kin ga yadda na dawo miki, daga ni sai jaka. Ba zan yi na uku ba, ko Yayanki zai daina gaishe ni.

Ki shafa mini kan auta, ki gaida Inna.

Mijinki,
Baban yara

Af, kin tambayi abin da na tara: kuɗin kwanon rufi bandir uku, kuɗin makarantar yara zango biyu, da kuɗin motar zuwa gida. Na dawowa bai cika ba tukuna.