Ƙaramin Fasto da Lissafi

Maigida, Baban Dogo,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Yaya zafin kwalta, yaya kuma bayan nan naka da kake ɓoye mini ciwonsa? Mu nan lafiya, sai kewarka. Auta ta ce in gaya maka haƙorinta na gaba ya fita.

Kada ka yi mamaki da na rubuto maimakon in jira ranar da za ka sami layi ka kira. Ka san ɗakinmu, labule ne kawai tsakaninmu da yaran, maganar kuma ta Dogo ce. Ka yi haƙuri da rubutun. Tun da na gama ajin koyon karatu na manya Dogo ne yake duba mini wasiƙa kafin in ba direban kamfaninku, wannan kam ba zan iya nuna masa ba.

An kira ni makarantarsu. Na ɗaura zanen da ka saya mini, don na saba in an kira ni yabo ne: Dogo ya ja addu'ar safe a gaban ɗalibai, Dogo ya haddace sura guda. Sai na tarar da Shugaban makaranta da Malamar ajinsu, babu mai murmushi. Shugaba ya ba ni kujera, ya kashe fanka don in ji shi sosai. Ya ce manyan darussa biyar ne ke riƙe da aji, wato Littafi Mai Tsarki, Turanci, tarihi, lissafi da kimiyya. Duk wanda ya faɗi biyu a jarrabawar ƙarshen shekara zai maimaita aji, ko ɗan wane ne. Ɗanmu babu mai kama ƙafarsa a Littafi. Turanci da tarihi yana yi, tunda aikin baki ne. Amma lissafi da kimiyya, Baban Dogo, ƙasa yake warwas. Malama ta ce in malamin lissafi ya shiga, sai yaron ya rufe ido yana motsa leɓe. A gwajin da ya wuce ya bar rabin takarda fari, ya rubuta addu'a a ƙasa.

Ni ɗinki na sani. In riga ta yi tsawo hannu ya gaza, daga ƙasa nake yanka in ƙara. Sai na roƙi Shugaba ya ɗebi makin Littafi, tunda ya yi masa yawa, ya cike na lissafi. Malama ta sa hannu ta rufe baki. Shugaba bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce ba yadi ɗaya ba ne, kuma makarantar da take koya wa yara gaskiya da safe ba za ta ɗinka maki da rana ba.

Da na yi wa Dogo magana, ko a jikinsa. Ya ce manzanni masunta ne, wa ya tambaye su takardar makaranta? Ya ce shi an riga an kira shi aikin Allah. Na tsaya riƙe da almakashi.

Ka rubuto masa, ko ka yi masa faɗa a waya. Maganarka yana ji.

Ka gaida duk mai tambayata.

Matarka,
Maman Dogo

*

Maigida,

Ina gaishe ka da aiki, da fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Mun gode da saƙo. Takalman Auta sun yi mata daidai, har barci take so ta yi da su.

Na karanta amsarka sau da yawa, ko zan ga abin da ban gani ba da farko. Ka ce in bar yaro, baiwa ce daga Allah. Na san kana nuna wa abokanka bidiyonsa a waya suna tafi, ni ma nakan kalla in yi hawaye. Muryar nan tasa kamar ƙararrawa, wa zai ji bai ji daɗi ba? Amma kai kana can, ni nake nan.

Ka san mai wa'azin nan na bakin tasha, mai farar kwat da babbar lasifika? Rannan da yamma na je sayen zare, na ji murya na ce wannan ai tawa ce. Na kutsa cikin mutane, sai ga ɗanka a kan benci riƙe da makirfo, ga mai wa'azi a gefe yana ɗaga hannu yana cewa ku dubi abin da Allah yake yi ta bakin ƙananan yara. Ashe lokacin da makaranta ta ware wa masu rauni a lissafi bayan an tashi, nan yake zuwa. Mutumin ya gan ni, ya kira ni uwar albarka. Ya ce makaranta tana kashe wutar da ke cikin yaro, kuma in an yi hutu zai zaga garuruwa, yana so Dogo ya bi shi. Na ja hannun ɗana. Mutane suka bi ni da kallo kamar na kashe musu rediyo ana tsakiyar labarai.

A hanya Dogo ya gaya mini ƙiri-ƙiri, in aka ce ya maimaita aji ba zai koma ba. Yaya zai zauna benci ɗaya da yaran da yake wa wa'azi?

Na ce bari in tare shi da abin da yake so. Na ɗauki Littafi ina bi da yatsa, ka san yadda nake karatu, kamar mai tsince tsakuwa a cikin wake. Na sha wuya har na samo wurin jirgin nan da aka gina kafin babban ruwa, ga tsawonsa, ga faɗinsa, duk da awo. Na kai masa ina murna, na ce ga lissafi nan a ciki. Ko duba shafin bai yi ba. Ya ce ai Allah ne da kansa ya ba da amsar, mai ginin bai zauna jarrabawa ba. Sannan ya jero mini ayoyi, kafin in nemo ta farko ya kai ta biyar.

Matan majami'a su ma ba su taimake ni ba. Daga Ƙaramin Fasto sai Ƙaramin Fasto, har tsofaffi suna miƙa masa kai ya yi musu addu'a. Yaron da har yanzu ni nake tuna masa ya wanke wuya.

Baban Dogo, ni na san zaman wanda bai yi makaranta ba. Na san yadda ake miƙa wa ƙaramin yaro takardar asibiti a ce karanta mini. Ba na so ɗana ya sani.

Ka kula da kanka.

Taka,
Maman Dogo

*

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya aiki? In ka tambaye ni lafiya zan ce lafiya, amma abinci ba ya wuce mini.

Na yi wani abu ban shawarce ka ba, kuma gara ka ji daga bakina. Na koma wurin Shugaba na roƙe shi ya cire Dogo daga jan addu'ar safe har sai ya gyara lissafi da kimiyya. Ya daɗe yana kallona. Ya ce shi ma ya yi wannan tunanin, amma yana tsoron kada yaro ya ɗauka an hukunta shi don yana son Allah. Na ce gara ya ji haushina yana cikin aji. Ya yarda, ya kuma ce malamin lissafi zai riƙa tsare shi bayan an tashi.

A taron mata kuma na miƙe na roƙe su su daina kiransa da sunan nan. Wata ta ce ba ta taɓa ganin uwar da ke tare wa ɗanta hanyar Allah ba. Wata ta ce tun da na iya karatu na fara jin kaina. Matar Fasto ce kaɗai ta biyo ni waje ta riƙe mini hannu.

Dogo ya ji ni ce na je. Ya shigo ina kan keken ɗinki, ya tsaya a kaina ya ce, “Mama, ke da kika fara karatu jiya, ke ce za ki gaya mini abin da Allah yake so?” Muryarsa ta karye a tsakiyar maganar, ina jin kuka ne ya taso masa. Na ci gaba da taka keke, sai daga baya na ga babu zare a allurar.

Tun ranar bai ƙara yi mini magana ba. Ba ni kaɗai ba, har Auta sai dai ya nuna mata abu da hannu. Ya daina waƙa in yana wanka. Addu'ar cin abinci da ba ya bar wa kowa, yanzu sunkuyar da kai kawai yake yi. Malama ta ce a aji ma haka, ko an kira sunansa sai ya ɗaga yatsa. Yana zama ajin lissafin, amma kamar an ajiye buhu. Wasu ranakun ba ya karyawa, ina zargin azumi yake yi.

An fara jarrabawa. Ina shara na ga jakarka ta tafiya a ƙarƙashin gadonsa, da rigunansa a ninke a ciki, da Littafinsa a sama. Na mayar yadda na gan ta. Na jawo keke bakin ƙofa, nan nake ɗinki yanzu, masu kawo aiki suna tsammani iska nake sha.

Ka zo. Na san ba a ba da izini sai an gama gadar da kuke ginawa, amma ka je ka gaya wa shugabanku ɗanka ne. In na yi kuskure ka zo ka gyara, in ban yi ba ka zo ka tsaya a bayana. Ni kaɗai na gaji.

Matarka,
Maman Dogo

*

Maigida, Baban Dogo,

Ina gaishe ka da kyau, ina kuma fatan bayanka ya yi sauƙi. Na ji an hana ka izini. Ban riƙe ka a zuciya ba.

Sakamako ya fito. Ya faɗi duka biyun, kimiyya da kaɗan, lissafi da yawa. Zai maimaita.

Washegari na shiga wanka, na fito babu shi babu jaka. Na bar Auta wurin maƙwabciya na ruga tasha da ɗankwali a hannu. Na tarar ana loda lasifika a mota, mai wa'azi yana wa'azin bankwana, ga Dogo a gefe da jakarka. Kafin in ratsa mutane an miƙa masa makirfo. Ya buɗe baki, Baban Dogo, sai wata murya ta fito mai kauri kamar ta babban mutum, ta tafi kaɗan ta tsinke ta koma ta ɗan tsako. Ya sake gwadawa, haka. 'Yan tasha suka fashe da dariya, wani ya ce a ba zakaran ruwa ya sha. Mai wa'azi ya karɓe makirfonsa, ya gaya wa jama'a wai ga abin da ke faruwa in aka bar duniya ta shiga tsakanin yaro da kiransa. Ya ɗora wani ɗan ƙaramin yaro a kan bencin. Ko kallon ɗanmu bai ƙara yi ba.

Na ɗauki jakar, ya biyo ni. Sai da muka shiga ɗaki ya zauna a ƙasa ya ce, “Mama, Allah ya karɓe muryata.”

Ashe shirun nan duka ba fushi ba ne kawai. Tun kafin in je wurin Shugaba muryar ta fara yi masa haka, yana ɓoyewa, yana azumi a mayar masa. Da aka cire shi daga addu'a sai ya ɗauka shi ke nan, an yashe shi. Na ce masa girma ne, haka ƙannena suka yi, haka kai ma ka yi. Ya girgiza kai, ya ce lallashinsa nake yi.

Na sa shi ya wanke fuska, na kai shi makaranta. Malamai suna nan suna haɗa takardu. Malamin kimiyya ya saurare ni, sannan ya ɗauko littafin ajinsu ya buɗe wani babi mai zanen maƙogwaro, ya ce wannan sun yi shi a zangon nan, har ya fito a jarrabawa. Ya ce, “Lokacin idonka a rufe yake. Yau buɗe ka karanta da kanka.” Dogo ya karanta a tsaye, ya koma farko ya sake. Ya tambaya ko za ta dawo. Malam ya ce waccan ta tafi, wata ce ke zuwa, kuma wanda ya yi maƙogwaron bai yi kuskure ba. Ya ba shi aron littafin ya zo da shi gida.

Ba zan ce maka komai ya gyaru ba. Duk hutun nan ban san me zai yi ba, shi ma bai ce ba. Na dai warware ƙafar wandon makarantarsa na ƙara tsawo, na goge na rataye inda zai gani.

Ranar da aka koma ya sa. Na bi shi daga nesa na tsaya a bayan wayar shingen makaranta. Ya shiga layin ƙananan, ya fi kowa tsawo kamar turken lantarki. Wata 'yar yarinya ce ta ja addu'a, tana yi tana sarƙewa. Da ta gama, amin ɗinsa ta fito rabi babba rabi tsako, yaran kusa da shi suka ƙyalƙyale. Na riƙe wayar nan har ta yi mini shaida a tafi. Bai fita daga layi ba. Ya bi su aji.

Malama ta ce gwiwoyinsa ba sa shiga ƙarƙashin tebur, za a nemo masa babba. Lissafin har yanzu yana ba shi wuya, jiya ma ya jefar da biro. Ina tsoro kullum, jakarka kuma na kai ta gidan maƙwabciya. Ka ci gaba da addu'a.

In an gama gadar kada ka tsaya ko'ina. Ɗazu ina ɗinki na ba ƙofa baya, aka yi sallama, na miƙe da sauri har na zubar da kwalin allura, ina cewa sannu da zuwa Maigida. Ɗanka ne ya dawo daga makaranta.

Taka har kullum,
Maman Dogo