Dutsen Crispulo

Dumaguete, 3 ga Mayu

Inday Rosalie, 'yata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jikin mahaifinki Crispulo da sauƙi. Amsata a'a ce. Shekarata saba'in da ɗaya, ba zan goya tukunyar iska in shiga teku kamar baƙon yawon buɗe ido ba. Ni na rubuta takardar da ta hana kamun kifi a murjanin tsibirinmu, kuma ni na kai ƙarar ubanki da ya karya dokar, ya yi wata huɗu a tsare. Shekara talatin ke nan bai ce mini uffan ba. Ladan da na samu: takardar yabo da gara ta cinye. Ke ce mai koyar da nutso. Ki sauka ƙarƙashin teku ki duba masa dutsen murjanin nasa.

Allah ya kiyaye ki.
Baffanki, Eleuterio

10 ga Mayu

Tiyo Terio, baffana,

Ina gaisuwa. Na sauka sau uku, na ce wa Baba babban dutsen murjanin da yake nutsawa a kai tun yana saurayi yana nan lafiya. Ya ce, "Ke bakinki ya saba lallashin Turawa. A kira mini wancan mai baƙin halin. Bai taɓa faɗin magana mai daɗi ba, shi zan yarda da shi." Likita ya ce huhun Baba ya ƙare, Tiyo. Ba zan iya barinsa ba. Mijina Nestor zai koya maka nutso a gaɓarku, ya kai ka da jirgi, ba sai ka taka tsibirin ba.

'Yarka, Rosalie

19 ga Mayu

Inday,

Ina gaishe ki. Mijinki azzalumi ne. Kwana huɗu ina durƙushe a ruwan da bai fi tsayina ba, yana sa ni in cika gilashin fuskata da ruwa in fitar da shi da hanci. Duk sanda ruwan ya taɓa hancina sai in miƙe ina tari. Yana dariya: "Maestro, ka koyar da ilimin teku shekara ashirin da takwas, yau ka sha rabinsa!" Na ce masa ubansa ma na kayar a jarrabawa. Abinci ba ya shiga, zama ba ya yiwuwa, sai zagaye ɗaki. In na tarar dutsen ya mutu fa? Me na ɗaure ɗan'uwana a kai? Kada ki karanta wa mahaifinki wannan.

Ki huta lafiya.
Eleuterio

25 ga Mayu

Noy Crispulo, yayana,

Ƙaninka ne ke gaishe ka. Rosalie za ta karanta maka, kuma kada ta gyara ko kalma ɗaya.

Na sauka yau. Saman dutsenka ya yi fari fat kamar ƙashi, zafin ruwa ya kashe shi, dokata ba ta hana ba. Amma kifi, Noy! Sun rufe ni har na daina ganin Nestor. Gindin dutsen ban gani ba. A mita shida kunnena ya ƙi jure nauyin ruwa, tsoro ya kama ni, na hau. Nestor ya ce ƙasan na da rai, ni kuwa ba zan faɗa maka abin da idona bai gani ba.

Zan koma ranar Alhamis, daga can in zo gidanka in faɗa maka da bakina. Kada ka kuskura ka mutu kafin Alhamis.

Terio